Ni da Samfefa da Babur Ɗin Baba

Ku matso kusa, ƙawayena, ku daina satar kallon farcena kuna ƙunshe dariya, na gan ku sarai. Wannan baƙin ba lalle ba ne, ba kuma rini ba ne. Yau zan faɗa muku abin da ya hana ni zuwa biki har sati uku, amma don Allah maganar ta tsaya a ɗakin nan. Ke ta bakin ƙofa, saki labulen. To, babur nake gogewa. E, babur dai da kuka sani. Ku yi dariyarku son ranku, ni ma ranar da na tsinci kaina zaune a tsakar gida da bokitin ruwa a gaba, murfin inji a cinya, ɗankwali ya zame, sai da na ƙyalƙyale ni kaɗai har Inna ta leƙo tana tambayar ko lafiya.

Kun tuna babur ɗin Babanmu, Allah Ya jiƙansa, wanda ke jingine a ɗakin zaure an rufa masa tsohuwar tabarma? Wanda muke hawa muna yara, ɗaya ta riƙe kai tana yin ƙarar inji da baki, sauran mu jeru a baya wai za mu Makka? Shi. Honda CD175 ne, mai silinda biyu, irin waɗanda aka yi ta ƙerawa daga 1967 zuwa 1979. Baba ya saye shi a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka zubo wa ma'aikata a zamanin Gowon, lokacin da malamin firamare ya wayi gari da ariyas cike da aljihu. Wasu suka sayi rediyo, wasu suka yi rufin kwano, wasu kuwa, kun san halin mazanmu, suka ƙaro aure. Har gobe Inna tana cewa ta gode Allah da Baba ya zaɓi babur, don kishiyar da ke kwana a zaure ta fi wadda za a raba kwana da ita. Kai, Inna!

Abin da ya tayar da maganar, wani ɗan gwangwan ne ya leƙa zauren ya gan shi, ya yi tayi. Ba babur ɗin yake so ba, jikin injin yake so, don alminiyam a kilo ake sayensa. Kuma kun san inda yake ƙarewa: wajen masu zubin tukwane. Alminiyam, wanda tsofaffinmu ke kira sanholo ko gorar ruwa, yana narkewa a zafin digiri 660 kacal, wutar gawayi da zugazugi ta ishe shi, sai a zuba shi a cikin ƙirar yashi ya fito tukunya ko ludayi. Ina jin haka cikina ya juya. Ku duba min, injin da ya kai mu makaranta, ya kai Inna asibiti haihuwar Auta, a wayi gari ana tuƙa tuwon suna a cikinsa! Wa ya sani ma, wataƙila babbar tukunyar gidanku Yamaha ce a rayuwarta ta farko, shi ya sa take saurin tafasa, hahaha.

Auta ne ya tsaya kai da fata ya ce ba za a sayar ba. Kun san yanzu bakanike ne, yana da hannu. Ya ce shi zai ji da cikin injin, amma gogewar waje aikin haƙuri ne, shi kuma ba shi da lokacinsa. Sai Inna, tana daga kan darduma, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce a ba Yayarsa mana, ai ita ce tukwanenta suke kashe ido. Ni kuwa da yake an yaba ni, kaina ya yi girma, na ce kawo. Da na san abin da na ɗauko wa kaina, ƙawayena, da na ce tukwanen ma aro na yi.

Da aka janye tabarmar sai tausayi ya kama ni. Ƙarfe idan ya tsufa ja yake yi, tsatsa ta ci shi. Alminiyam kuwa furfura yake yi. Wani farin gari-gari ya fito masa, kamar ƙafar yaro da hunturu ba a shafa mata mai ba, ga wasu siraran layuka sun yi ta kewaye kamar sawun tsutsa a ƙarƙashin fata. Ogan su Auta, wani dattijo da ya fara kwance inji tun kafin a haife ni, shi ya warware min. Ya ce, 'yata, masu ƙera baburan Japan na wancan zamani sukan yi wa wani sashe fenti ruwan azurfa, wani sashen su goge shi ya yi sheƙi sannan su shafe shi da farin banish don ya daɗe. Shekaru na tafiya banish ya yi rawaya, ya tsattsage, laima ta samu kafa ta shiga ƙarƙashinsa tana ci tana tafiya, shi ne sawun tsutsar. Ya ce kuma alminiyam da kansa, daga iska ta taɓa shi yake yi wa kansa wata siririyar riga wadda ido ba ya gani, ita ke hana shi ruɓewa irin na ƙarfe, ita ce kuma ke dusashe masa haske. Na ce ashe mai kunya ne, ba ya zama ba lulluɓi. Dattijon ya yi dariya har da tari.

Yanzu ga abin kunyar, ku ƙara matsowa. Kafin in je wajen dattijon nan, na riga na yi nawa wayon. Akwai wani ɗan ƙaramin murfi da Auta ya fara ciro min, duk ya yi dumu-dumu da baƙin mai. Na ce me zai fi soda cin maiƙo? Ga ragowar sodar da muka yi sabulu da ita tana nan a gwangwani. Na jiƙa, na tsunduma murfin, na koma kicin abina ina waƙa. Da na dawo, wayyo Allah, ruwan sai tafasa yake yi ba wuta, kumfa na tashi, wani hauci na shiga hanci. Na tsamo shi da itace, ya fito baƙi-baƙi, toka-toka, fuskarsa ta yi kaushi kamar dutsen goge kaushi. Ashe soda cin alminiyam take yi, narkar da shi take yi a hankali, kumfar nan kuwa iskar haidurojin ce, mai kamawa da wuta, ga ni kusa da murhu! Auta ya zo ya tsaya a kaina, ya kalli murfin, ya kalle ni, ya ce Yaya, ai da kin bari ɗan gwangwan ya tafi da shi cikin mutunci. Na ce ka rufa min asiri kada Inna ta ji. Har yau ba ta ji ba, kuma idan ta ji, na san bakin da ya faɗa.

Wayona na biyu shi ne soson ƙarfe, wanda muke wa tukwane da shi. Ya yi kyau ranar farko, har na ɗauki hoto. Bayan kwana uku da yayyafi ya sauka sai ga ƙananan jajayen ɗigo-ɗigo sun fito. Alminiyam ba ya tsatsa, amma soson ya karye ya bar ƙananan ɓurɓushinsa a cikin naman murfin, su suka yi tsatsar. Daga nan na ajiye girman kai na ɗaura mayafi na tafi gareji neman ilimi, hmm.

Abin da na koyo, farkon aiki ba gogewa ba ne, kwancewa ce. Ba a goge murfi yana jikin inji, lungunan ba za su samu ba, ƙasar samfefa kuma za ta iya shiga inda bai kamata ba. Sukurorin baburan nan masu kan gicciye kuwa wani abin haushi gare su: kansu ƙirar Japan ce, ta ɗan bambanta da sukuddireban da ke gidajenmu, sai ka ga ya shiga daidai, kana murɗawa ya zame ya cinye kan. Auta da sukuddireban da ake doka wa guduma yake kwance su, ƙwal ɗaya sukurun da ya shekara arba'in yana barci ya farka. Bayan nan wanka da kananzir da tsohon burushin haƙori, a bi da ruwan omo mai ɗumi, a shanya. Sannan maganin cire fenti, wanda ake shafawa a jira banish ɗin ya tattare ya kumbura kamar fatar madara, a kankare shi da katako ko roba. Wannan a fili ake yinsa, da safar hannu, don yana da zafi a fata, yana hawa kai. Ni dai na kori yara gidan maƙwabta, na ce su je su yi kallo har sai na aiko.

Sai samfefa. Nan ne aikin yake, nan ne kuma, ku yarda da ni, daɗin yake. Samfefar ruwa ake nema, baƙar nan, mai lamba a baya. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi. Inda ya ci sosai na fara da 400, inda da sauƙi na fara da 600, daga nan 800, 1000, 1500, har 2000 wadda idan kika shafa ta a kumatu kamar takardar littafi. Ana jiƙa ta a ruwa da ɗan ɗigon sabulu, ana yi ana tsomawa. Sirrin da dattijon ya ba ni, wanda ya fi kuɗin mota da na kashe, shi ne a riƙa sauya hanya: idan wannan lamba an bi da ita a tsaye, ta gaba a bi da ita a kwance. Da haka ido zai ga ko zanen ta baya ya ɓace. Muddin da saura, ba a wucewa gaba. Na yi ƙoƙarin tsallake 800 sau ɗaya, don hannuna ya gaji, na ce wa zai sani? Murfin ya sani. Sai da na kai ƙarshe ya fara sheƙi sannan zanen ya fito raɗau kamar tsagar gado, dole na koma baya ina ƙunƙuni kamar an aike ni cefane sau biyu.

Amma ku ji yadda abin yake a jiki. Bayan isha'i, yara sun kwanta, gari ya yi tsit, sai ƙarar samfefa, shuu, shuu, da ɗigar ruwa a bokiti. Ruwan ya koma ruwan toka, yatsu su yi yaushi, kafaɗa ta yi tsami. A hankali sai ki ji murfin yana sauya hali a ƙarƙashin yatsunki, daga kaushi ya koma sumul, daga sumul ya koma santsi kamar ƙwai da aka ɓare. Tunani kuma ya yi ta yawo. Na tuna mu muna 'yan mata a bakin rijiya, da toka da yashi da ɓawon kwakwa, muna gasar wadda tukunyarta za ta fi haske, Inna na cewa ana gane mace daga gindin tukunyarta. Na tuna Baba da safiyar Juma'a, ya durƙusa da tsohuwar singileti yana shafa wannan murfin da ke cinyata. Wata rana sai kawai na ji hawaye na ɗiga a bokitin, na ce to, ruwan ya ƙaru, ba asara.

Kada in manta, akwai wuraren da ba a taɓawa. Bakin murfin da ke haɗuwa da fakin, wato abin da ke toshe mahaɗar, idan aka ci shi da samfefa ya daina zama daidai, mai zai yi ta yoyo har abada. Haƙarƙarin silinda, waɗannan fukafukan da iska ke ratsawa ta sanyaya inji, wanke su ake yi da burushi a bar su, ba a neman su da sheƙi. Kafireta ma ba a wahalar da kai a kanta, yawancin na wancan zamani da gaurayen zinki aka zuba su, ko an goge ba sa riƙe haske. Rubutun HONDA da ke jikin murfin kuma lallaɓa shi ake yi, don samfefa ba ta iya karatu ba, cinye haruffa take yi ba ruwanta.

Ranar zuwa wajen injin gogewa, Auta ya kai ni garejin. Ku ga yadda samarin wajen suka bar aikinsu suna kallon Hajiya da murafen inji a cikin kwandon cefane! Injin giranda ne aka ɗaura wa faifan yadi. Akwai wasu sanduna kamar sabulun wanki, baƙi da ruwan ƙasa da fari, ana ɗan dangwala su a jikin faifan yana juyawa. Baƙin da faifai mai tauri shi ke yanka, ruwan ƙasa ya daidaita, farin da faifai mai laushi ya fito da haske, kowane da nasa faifan, ba a gauraya su. Dattijon ya sa na naɗe mayafina tsaf na soke shi, ya ba ni tabarau da abin rufe hanci, ya ce a ƙasan faifan ake riƙe kaya, kada a ba shi gefe ko kusurwa. Na ce na gane. Ban gane ba. Minti biyu ba a yi ba faifan ya fizge ɗan murfin nan da ya sha soda, fiuu, ya wuce ta tsakanin ƙafafun wani yaro ya daki garwa. Wajen ya yi tsit, sannan kowa ya fashe. Dattijon ya ce, 'yata, wannan murfin tsoronki yake ji, yana da dalili. Na dawo gida fuskata baƙi ƙirin sai idanu, maigida ya buɗe ƙofa ya ce baiwar Allah, wa kike nema?

Daga baya na gane da hannu ma ana yi, lokaci kawai yake ci. Bayan lamba 2000, a ɗan matso man goge ƙarfe, ni Autosol na samu, na Jamus, mai kama da man goge baki, a shafa da tsumman auduga. Nan da nan tsumman zai yi baƙi, kuma baƙin nan shi ne alamar yana ci. A sauya wuri mai tsabta a share, sai ki ga wata fuska tana leƙo ki daga ciki, da ƙaton hanci da ƙaramin goshi. Farkon ganina na ce wace ce wannan mummunar, ashe ni ce.

To a nan muka saɓa da Auta. Shi so yake a mai da komai madubi, ya riƙa walƙiya kamar sabon salansa mai kurom, yadda samari ke yi. Ni kuwa da na daɗe da murafen nan a hannu sai na ji ba haka suke so ba. Kurom haskensa mai sanyi ne, shuɗi-shuɗi, yana soka ido. Alminiyam nasa mai taushi ne, fari-fari, kamar tsohon zoben azurfa da ya daɗe a yatsa. Kuma murafen nan zubi ne, akwai silikon a cikin haɗinsu da ke ba su ɗan duhu, a ƙarƙashin fatarsu kuma akwai ƙananan ramuka na iskar da ta maƙale lokacin zubi. Wanda ya matsa da ci don ya kori rami ɗaya, sai ya buɗo goma. Dattijon ya goyi bayana, ya ce daga kamfani ma ba madubi suka fito ba. Ni a ganina tsohon babur da aka goge ya wuce kima kamar kaka ce aka yi wa kwalliyar amarya, kowa zai yaba a baki ya juya ya yi dariya.

Wai kun san akwai lokacin da wannan abin da muke tuƙa tuwo a ciki ya yi tsadar azurfa? A 1884 da Amurkawa suka gama doguwar hasumiyar tunawa da Washington, da ɗan curin alminiyam suka rufe ƙoƙuwarta. Sai a 1886 aka gano hanyar tace shi da lantarki, farashi ya faɗi, har ya iso gindin murhunmu. Da na faɗa wa Inna ta ce to, daga yau a riƙa yi wa tukwanenta magana da ladabi.

Saura tabon. A murfin dama, can ƙasa, akwai wani zurfafan ƙarzo guda uku a jere. Auta ya ce a cike su da walda ko a cinye su da 240. Na kai wa Inna ina tambaya, ta karɓa, ta sa babban yatsa a wurin, ta yi shiru. Can ta ce ranar jajiberin Babbar Sallah ce, Baba ya ɗauro rago a baya, ita ta hana shi ya ƙi, ragon ya yi wani yunƙuri a kwanar gidan mai unguwa, su uku suka kwanta, shi da ragon da babur. Ragon ya riga shi isowa gida. Ta ce ya shigo yana ɗingishi, babbar riga a yage, abin da ya fara cewa shi ne kada ta gaya wa kowa, ita kuwa dariya ta hana ta kawo masa ruwan zafi. Tana ba ni labarin tana dariya tana share ido da gefen zani. Na koma na ce wa Auta wannan wurin ba mai taɓa shi. Na goge kewayensa har ya yi sheƙi, na bar ƙarzon ukun nan yadda kwalta ta zana su, na dai cire musu datti da tsinken sakace. Ya ce Yaya, masu kallo za su ce ba mu iya aiki ba. Na ce su zo su tambayi ragon.

Banish kuma mun yi shawara ba za mu mayar ba. Idan an shafa, za a huta na wasu shekaru, amma yana rage haske, kuma ranar da ya fashe sawun tsutsa zai dawo, a koma gidan jiya. Idan an bar shi tsirara, sai dai a shafa masa ɗan kakin goge mota, a riƙa bin sa da man gogewa duk bayan 'yan makonni, musamman da damina. Da hunturu kuma kada a share ƙura a bushe, ƙurar nan samfefa ce ita ma, a fara zuba ruwa tukuna. Na ce na ji na ɗauka, dama wacce ta saba da jeren kwanuka ba a yi mata barazana da goge-goge.

Jiya Auta ya ɗaura murafen, ya sa sabon fakin, ya zuba mai. Ranar Asabar bayan la'asar zai buga shi a ƙofar gida, Inna ta ce a fito mata da kujera zaure. Ku zo dukanku, zan yi zoɓo da cincin. Duk wadda za ta zo ta taho min da tsohuwar singiletin maigidanta, ta auduga zalla, don tsummokarana sun ƙare, kuma har yanzu ban taɓa marfin birkin baya ba.